Duba-Sama, Mai Dashen Titin Asibiti

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi matar da birni ya sani da laƙabin Duba-Sama a farkon daminar shekarar 1949, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, a gida na uku daga mararrabar da layin dogo ya ratsa babban titi. Mahaifinta shi ne mai tsaron shingen wannan mararraba, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana sauke sandar ƙarfe idan jirgi ya taho, yana ɗaga ta idan ya wuce. Mahaifiyarta kuwa tela ce, kekenta na ɗinki yana bakin taga, ba ya yin shiru sai lokacin salla. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma mace ɗaya tilo a cikinsu.

Gidajen unguwar a jere suke, kowanne ɗaki biyu da tsakar gida ta siminti da rufin kwano, kuma doka ta hana shuka komai a ciki don kada saiwa ta fasa daɓe. Daga gidan zuwa rumfar mahaifinta babu itace ko ɗaya, sai turakun waya da ba su da inuwar da za ta ishi kaza. Tun tana da shekara shida aka ɗora mata kai masa abincin rana, kuma a wannan hanya ce aka fara lura da ɗabi'arta. Takan taho kanta a sama, ta ratse gefe a inda babu komai, wani lokaci ta sunkuyar da kai kamar mai wucewa ta ƙarƙashin reshe. Wata rana mahaifinta, wanda ya daɗe yana kallonta daga nesa, ya karɓi kwanon ya tambaye ta.

"Wai me kike kauce wa ne a filin Allah?"

"Itacen nan ne, Baba. Ba ka gan shi ba? Har reshensa ya kusa rumfarka."

Ya leƙa, bai ga komai ba sai rana da tururin kwalta. Ya ce, "To, ki ce masa ya ƙara matsowa, rufin kwanon rumfar nan ya kusa dafa mini kai."

Shi ne ya sa mata Duba-Sama, sunan ya bi ta har ya shafe na yanka. Mahaifiyarta ba ta ga abin dariya a ciki ba. Ta kai ta ɗakin shan magani aka duba idanunta, malamin asibiti ya ce ras suke, in ma da abin da ke damunsu, to, gani ne ya yi musu yawa.

Karatu

A shekarar 1956 aka sa ta makarantar firamare ta unguwar, inda ta yi shekara bakwai ba tare da ta taɓa zuwa ta ɗaya ko ta ƙarshe ba. Malamanta sun shaide ta da natsuwa da ladabi, sun kuma koka da cewa idan aka kira ta sai an kira sau biyu. Abin da ta yi fice a kai shi ne zane. Kowane titi aka ce a zana, ita sai ta zana shi da itatuwa layi biyu, rassansu sun haɗe a sama, har malamin ya gaji da rubuta mata cewa a zana abin da ake gani.

A aji shida malamin aikin gona ya ba kowane ɗalibi 'ya'yan darbejiya uku a gwangwanin madara. Nata ɗaya ya tsiro. Ta ɓoye shi bayan keken ɗinki wata biyar, tana ba shi ruwan da ta rage na sha, sa'an nan ta dasa shi a gefen rumfar mahaifinta. Kwana uku ya yi a duniya, akuyar mai gadin tasha ta cinye shi har ƙasa. An ruwaito cewa ba ta yi kuka ba, sai dai ta shekara ba ta gaida mai akuyar.

Bayan firamare ta shiga makarantar koyon sana'a ta 'yan mata, ta koyi bugun keken rubutu da ajiye takardu, ta kammala a ƙarshen 1966.

Kama aiki

A watan Fabrairun 1967 hukumar birni ta ɗauke ta aikin buga takardu, aka tura ta sashen lambuna, domin babu wanda ke son zuwa can. Ofishin ɗaki ɗaya ne a tsakiyar lambun da ake renon dashe, da teburi biyu, da fankar da ba ta juyawa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ke shigowa ta taga tun safe. A waje dubban gwangwanaye ne a jere ƙarƙashin rumfar kara, kowanne da ɗan tsiro. Mai kula da su wani dattijo ne da ake kira Baba Gadina, wanda ba ya karatu amma yana gane tsiron da zai rayu daga yadda ganyensa ke kwana. Takan gama bugun rana cikin sa'a biyu, sauran wunin kuwa tana bayansa, tana koyon jiƙa iri, da haɗa ƙasa da taki, da bambanta maɗaci da tsamiya tun suna da ganye biyu. Shekara shida ta yi haka, har Baba Gadina ya ajiye aiki saboda ciwon baya.

A shekarar 1974 aka gama sabon titi mai tsawon kilomita uku, daga shatale-talen kasuwa zuwa ƙofar babban asibiti, aka kuma yanke shawarar a ƙawata shi da itatuwa kafin ranar buɗewa. Ta shiga wurin shugaban sashe ta roƙi a ba ta aikin. Ya ba ta, da dashen maɗaci ɗari huɗu da goma sha biyu, da leburori talatin, da wa'adin kwana huɗu. A wannan shekara ce aka fara renon dashe a baƙar leda maimakon gwangwani.

Kwana huɗun nan sun kasance mata kamar mafarki. Tana gaba, tana auna taku ashirin-ashirin tana dangwala toka a inda za a haƙa, idanunta a sama, tana ganin rassa sun rufe titin, masu jinya suna tafe a inuwa, ganye yana zuba a kan motoci. Ba ta waiwaya ta ga abin da ake yi a bayanta ba. Ranar buɗewa titin ya yi kyau matuƙa, aka yi tafi, aka ɗauki hotonta.

Kafin ƙarshen bazara, tara kawai suka rage da rai.

Ta ɗauki fartanya ta tone matattun ɗaya bayan ɗaya. Ramukan ba su wuce zurfin taƙi ba, ƙarƙashinsu tsakuwa ce da fasassun bulo da masu titi suka binne. Mafi yawansu an dasa su ne da ledarsu, saiwar ta yi ta zagaye a ciki kamar zare a ƙwarya har ta shaƙe kanta. Da aka kira ta gaban kwamiti, wani ya ce laifin leburori ne, wani ya ce na fari ne. Ita ta ce nata ne.

Shugaban sashe ya ce, "An ba ki aikin ƙasa, ke kuwa kina sama. Ki koma kan kekenki."

"Gaskiya ne, yallaɓai," in ji ta. "Amma a bar mini taran nan."

Aka bar mata, domin ba wanda ya ga amfaninsu. Shekara biyu tana tashi daga aiki ta ɗauki bokiti biyu ta bi titin, tana roƙon ruwa a famfon masu wankin mota. Daga wannan lokaci, in ji waɗanda suka san ta, ta koyi tafiya iri biyu: ta dubi sama ta ga abin da zai kasance, ta dubi ƙasa ta ga abin da zai hana.

Aure

A ƙarshen 1976, wata safiya ta iso ofis ta tarar da wani dogon mutum a kan tsani yana datse kan tsohuwar darbejiyar da ke ƙofar lambun. Ma'aikacin wutar lantarki ne, aikinsa raba rassa da waya. Ta ajiye jakarta, ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu.

"Malam, sauko."

"Baiwar Allah, saki tsanin nan, ina da iyaye."

"Ita ma tana da mai ita. Wa ya koya maka yanka haka? Ka bar mata kututture, ruwa zai shiga ta ruɓe."

"Ni wayata nake karewa. In kina da yadda ya fi, hau ki nuna mini."

Ba ta hau ba, amma daga ƙasa ta yi ta nuna masa inda zai sa zarto, dab da gindin reshe, a karkace, har rana ta take. Da ya sauko ya ce bai taɓa yin aikin minti goma cikin sa'a uku ba. Washegari ya dawo, ya ce wai ya manta igiyarsa. Bayan mako ɗaya ya dawo neman igiyar kuma.

An ɗaura musu aure a watan Afrilun 1977, suka tare a ɗaki biyu na haya a bayan gidan waya. Maƙwabta suka riƙa cewa wannan gida ba zai taɓa rasa aikin yi ba, ita tana shukawa, shi yana sarewa. Ana kiransa Mai Tsani, ita ma haka take kiransa idan suna wasa. Idan magana ta gaske ce sai ta ce Malam. A makon farko ya shimfiɗa mata wata babbar takarda a kan tabarma, wadda ya shafe watanni yana zanawa a ɓoye: taswirar Titin Asibiti, da duk inda wayar wuta ta bi ta sama, da duk inda bututun ruwa da magudana suka bi ta ƙasa, abin da ya sani da wanda ya tambayo wurin abokansa masu famfo.

"Ga shi," ya ce. "In kin dasa inda na sa ja, ni da zartona muna nan tafe. In kin dasa inda na bari fari, ko ni ba ni da ikon taɓawa."

Ta naɗe takardar ta sa a ƙasan akwatinta, tare da zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da dalili.

'Ya'ya da dashe na biyu

Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya biyar. An haifi na farko, wanda gida ke kira Babba, a 1978. Mace ta biyo shi a 1981. Namiji a 1983, wanda bai cika shekara ba ya koma. Wani namijin a 1985. Sai auta, mace, a 1989.

A shekarar 1980 aka kawo sabuwar shugabar sashe, wadda ta bi Titin Asibiti ta ga itatuwa tara sun fi mutum tsawo a tsakanin ramuka ɗari huɗu da suka cike da shara, ta tambayi wanda ke kula da su. Da aka kawo mata Duba-Sama, ta ce mata ta faɗi abin da take buƙata a sake gwadawa.

"Arba'in a shekara, ranki ya daɗe. Kada a ƙara mini ko ɗaya, kuma kada a sa ranar buɗewa."

Haka aka yi. Kowace shekara, wata guda kafin ruwan farko, takan sa a haƙa rami arba'in, zurfinsa ƙugun mutum, faɗinsa taku ɗaya, a kwashe tsakuwa da bulo, a bar shi ya sha iska. Sa'an nan a cika shi da ƙasar bakin rafi da ruɓaɓɓen taki. Ledar kowane dashe da hannunta take tsagawa, ta warware saiwar da yatsu, ta kafa masa turke, a kewaye shi da bulo mai ƙofofi saboda awaki. Amma ta riga ta gane cewa dashe ba ya zama itace sai ya ƙetare rani biyu, kuma motar ruwan hukuma ba ta zuwa sai ta ga dama. Don haka kowane itace sai ta nemo masa uba ko uwa daga cikin masu zama kusa da shi: mai gyaran takalma, mai facin taya, mai sayar da jarida, matar da ke sayar da lemo a ƙofar asibiti. Takan tsaya gabansu da Babba goye a bayanta, daga baya da ƙannensa, ta ce, "Wannan naka ne. Bokiti ɗaya duk bayan kwana biyu, da yamma, a gindi, ba a ka ba."

Mai faci ya taɓa ce mata, "Hajiya, ni da zan sha inuwar nan ai sai na tsufa."

Ta ce, "To, da ma ba ka da niyyar tsufa ne?"

Ba duka suka kama ba. Wasu mota ta take, wasu gara ta ci, wani mai shago ya zuba wa nasa baƙin mai saboda ya tare masa allo. Duk wanda ya mutu takan tone shi ta ga dalili, ta maye gurbinsa. An kammala layi biyun a daminar 1991, shekara goma sha ɗaya bayan farawa, kuma a wannan shekara aka naɗa ta shugabar masu dashen titi na birnin baki ɗaya.

A ƙarshen daminar 1998, wata ranar hutu da hantsi, ita da Mai Tsani suka bi titin a ƙasa za su dubo maras lafiya. A tsakiyar hanya ta tsaya. Rassan gabas da na yamma sun haɗe a sama, rana tana ɗigowa ta tsakanin ganye kamar ana watsa tsaba, masu jinya suna zaune a gindin itatuwa da kwanukansu, wata tsohuwa tana barci a kan zaninta. Ta lumshe ido ta buɗe, abin bai canza ba. Karo na farko ke nan a rayuwarta da abin da take gani da abin da kowa ke gani suka zama ɗaya, sai ta ji wani irin kaɗaici, kamar wadda baƙonta na shekaru ya yi sallama.

Mai Tsani ya dube ta ya ce, "To, yanzu kuma me za ki riƙa gani?"

"Titin bayan tasha," in ji ta. "Tun jiya tsamiya ta fara fitowa a can."

Faɗaɗa titi

Ta yi ritaya a 2004, bayan hidimar shekara talatin da bakwai da tituna goma sha huɗu. A lokacin Babba ya zama injiniyan hanyoyi a sashen ayyuka na hukumar birni. A watan Janairun 2007 ya zo gida da yamma da naɗaɗɗiyar takarda a hammata, ya ci abinci bai ɗago kai ba, sa'an nan ya ce yana da magana. Za a mai da Titin Asibiti tagwayen hanya, a faɗaɗa shi dama da hagu, kuma shi aka ba aikin.

"Layi nawa za a cire?" ta tambaya.

"Duka biyun, Inna."

"A bayana kake lokacin da na ba su ruwa."

"Na sani. Amma makon jiya wata mata ta cika a cikin motar asibiti, a tsakiyar cunkoso, ana hango ƙofar. Ba ita ce ta farko ba. Inna, inuwa ba ta isar da mutum wurin likita."

Ta tattara kwanuka ta shiga ɗaki. Wata huɗu ke nan ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. In ya zo sai ta tuna tana da aiki a bayan gida. Mai Tsani ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu, yana cewa shi da ya yi shekara talatin yana sara ba a taɓa yi masa irin wannan horo ba.

A watan Mayu ta fita ita kaɗai ta zauna a bencin mai faci, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, daga safe har azahar. Ta ga motar asibiti tana kuka a wuri ɗaya kusan rabin sa'a, direban ya fito yana roƙon mutane da hannu, babu inda za su matsa. Ta ga wani mutum ya sauko da yarinya a kafaɗa yana gudu da ita a ƙarƙashin itatuwanta. Ta koma gida ba ta ci abinci ba. Washegari ta buɗe akwati ta ɗauko taswirar da mijinta ya zana shekara talatin da suka wuce, ta tafi ofishin ɗanta, ta jira a layi kamar kowa.

Ta shimfiɗa takardar a teburinsa, ta ɗora yatsa a kan wani dogon layi a bayan itatuwan gabas. Tsohon bututun ruwa ne da aka daina amfani da shi tun 1985, amma dokar hana gini a kansa ba a taɓa soke ta ba, shi ya sa babu komai a wurin sai rumfunan wucin gadi.

"In ka shimfiɗa sabuwar hanyar a nan," ta ce, "layin gabas ya zama tsakiya, na yamma ya zauna inda yake. Ni ban san lissafinku ba. Duba ka gani."

Ya daɗe yana dubawa, yana aunawa. Ya ce, "Zai yiwu har kilomita biyu. Amma a na ƙarshe bututun ya karkata, ga katangar asibiti, ga gidajen mutane. Can dole a sare."

"Nawa?"

"Ɗari da talatin da ɗaya."

Ta san su ɗai-ɗai, kuma bakwai daga cikin tara na farko suna cikinsu. Ta naɗe hannuwa a cinya, ta dubi taga. Can ta ce, "A sare. Amma ni zan nuna inda za a yanke saiwar sauran, kada injinku ya yage ta."

Babba ya kai sabon zanen gaban kwamitoci uku, aka ce ya jinkirta aiki saboda itatuwan uwarsa, aka tsallake shi a ƙarin girma na shekarar. Bai janye ba, aka amince a watan Oktoba. Ranar da aka fara saran ta sa aka kai mata kujera bakin titin, ta zauna tun daga na farko har na ƙarshe, kwana goma sha biyu. Duk wanda ya faɗi sai sama ta buɗe a wurin, fara fat, har ta kan kare ido da mayafi. Ta roƙi a ba asibiti katakon, aka yi benci tamanin na masu jiran likita. A yammacin rana ta ƙarshe Babba ya zo ya tsaya a bayan kujerarta, ƙura ta rufe shi.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ka ci abinci kuwa yau?"

"A'a, Inna."

"To, ɗauko kujerar mu tafi gida."

Shekarun ƙarshe

Mai Tsani ya rasu a watan Agustan 2012 bayan gajeriyar jinya. Bayan rasuwarsa ta rage fita, ta mai da tsakar gidan da suka gina wurin renon dashe, har ba a samun inda za a shanya wanki. Sababbin ma'aikatan sashen lambuna kan zo a tura su wurinta. Ba ta yi musu lacca, sai ta ba kowa dashe ɗaya da reza ta ce ya tsaga leda tana kallo. A 2016 yanar ido ta rufe mata idanu, aka yi mata aiki a na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi. Takan ce ba ta yi asara ba, da na dama take ganin mutane, da na hagu kuwa take ganin birnin yadda zai zama, kuma na hagun ya fi nuna mata abin kirki.

A farkon 2022 autarta, ma'aikaciyar banki, ta tare da iyalinta a wata sabuwar unguwa a ƙarshen birni, inda aka share daji aka jera gidaje, babu ko ciyawa. Duba-Sama ta je ganin gida, ta kwana biyu, ta ƙi komawa. Kowace safiya takan fito da sanda ta bi layin a hankali, tana gaisawa da matan unguwa, tana tambayar inda bututu ya bi. Auta, wadda tun tana yarinya ba ta son taɓo ya taɓa mata ƙafa, ta ce, "Inna, ki huta mana. Ke da kika zo hutu."

"Ina hutawa. Ke dai nemo mini masu haƙa."

A watan Afrilu aka haƙa rami talatin da shida a layin, aka kwashe tsakuwa, aka bar su suna shan iska, aka kwaso dashen daga tsohon gida aka jera a inuwar katangar Auta, ana jiran ruwa.

Rasuwa

Ranar Talata, goma ga watan Mayun 2022, bayan ta karya kumallo, ta ce a fitar mata da kujera ƙofar gida. Ta zauna tana fuskantar layin ramukan, kanta a jingine, fuskarta a sama. Auta ta fito da shayi ta tarar da ita haka, ta kira ta sau biyu kamar yadda aka saba, ta kira na uku. Ta rasu tana da shekara saba'in da uku, ba tare da jinya ba.

An yi jana'izarta da azahar a wannan rana, aka binne ta a maƙabartar gabas, ba nisa da kabarin mijinta. Ban da dangi da ma'aikatan hukumar birni, jama'ar da suka halarta sun haɗa da masu gyaran takalma, da masu faci, da masu sayar da jarida, da direbobin motar asibiti, mafi yawansu iyalin ba su taɓa sanin sunayensu ba. Ruwan farko ya sauka kwana goma sha tara bayan binne ta. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sanyaya makwancinta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha uku: Babba, injiniyan hanyoyi, wanda yanzu shi ne mataimakin shugaban sashen ayyuka, ƙanwarsa, malamar makarantar sakandare, ƙanensu, wanda ya gaji mahaifinsa a aikin wutar lantarki, da Auta, ma'aikaciyar banki, wadda ta ɗauki hutun mako guda a wannan damina, ta tuɓe takalmi, ta tsaga leda talatin da shida da hannunta. Talatin da ɗaya sun ƙetare rani biyu. Sauran biyar ta tone su ta ga dalili, ta kuma sa an sake haƙa ramukansu.